CIWON BAYA A LOKACIN TSUFA: Sauƙin da Allah Ya Yi wa Iyayenmu da Nauyin da Ke Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata ƙirarsa, ya miƙar masa da gadon baya domin ya tsaya a gabansa sau biyar a yini. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da matansa iyayen muminai, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Nasiharmu ta wannan fitowa za ta tsaya ne a kan wani abu da kusan babu gidan da babu shi, amma ba mu cika kawo shi majalisin karatu ba, wato ciwon ƙugu da riƙewar baya da ke damun tsofaffinmu. Wata za ta ce, to ina ruwan wa'azi da ciwon baya, ai wannan maganar likitoci ce. Ki yi haƙuri 'yar uwa ki ji abin da ya sa na ɗauko ta.

Abin da na gani a gidan Goggo

Wata ranar Asabar na shiga Kasuwar Kurmi, layin 'yan littattafai, domin in saya wa 'yata Ahalari mai tarjama, sai na ce bari in biya in gai da Goggona, ƙanwar mahaifinmu, tunda gidanta yana nan cikin lungunan da ke bayan kasuwar. Goggo ta haura shekara 70. Ta yi fiye da shekara 40 tana dakan fura da saƙar faifai, yara suna kai mata kasuwa, kuma da wannan sana'a ta aurar da 'ya'yanta mata. Muna cikin hira aka kira sallar La'asar, na tashi na yi alwala na yi sallah, ita kuwa ba ta motsa ba. Na ce, "Goggo, in kawo miki buta?" Ta ce in bari tukuna. Har rana ta yi ja ba ta tashi ba. Da na matsa mata sai idonta ya kawo ruwa, ta ce kwana uku ke nan tana tara sallolin yini sai da dare take rama su, domin sai ta sha magani da daddare bayan yake sakinta har ta iya tsayuwa. Na ce, "Haba Goggo, me ya hana ki yi a zaune?" Sai ta ce, "Ni da na yi shekara 60 ina sallah a tsaye, yanzu in zauna wa Ubangiji kamar mai jiran tuwo? Ai da kunya."

Na ɗaga matashinta na ga maganin: ƙwayoyi biyar masu launi daban-daban a ƙulle a leda, babu suna, babu kwali, irin haɗin da masu talla ke yawo da shi a faranti. Da na fito tsakar gida kuma, matar ɗanta ta jawo ni gefe ta raɗa mini cewa, "Yaya, kada ki damu, ai in biki ne garau take tashi."

Kun ga a gida ɗaya, a yini ɗaya, na tarar da kuskure uku: ɗaya a wajen ibada, ɗaya a wajen magani, ɗaya a wajen zamantakewa. Kuma babu mugu a cikin mutanen gidan nan, rashin sani ne kawai. Waɗannan ukun su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.

Tsufa alkawari ne na Ubangiji

Allah (SWT) ya ba mu labarin rayuwarmu gaba ɗaya a Suratur Rum aya ta 54, inda ya nuna cewa daga rauni aka fara mu, sannan ya ba mu ƙarfi, sannan bayan ƙarfin ya mayar da mu ga rauni da furfura. A farkon Suratu Maryam kuma, aya ta 4, mun ji Annabi Zakariyya (AS) yana kai kukansa ga Ubangiji a kan cewa ƙashinsa ya yi rauni, kansa ya cika da furfura. To idan ƙashin Annabin Allah zai yi rauni, ina ga nawa da naki? Saboda haka ciwon bayan tsufa ba alamar fushin Allah ba ne, kuma bai kamata mu yi saurin cewa sammu ne ko jifa ko hannun kishiya ba. Zaton nan ya raba zumunci a gidaje da yawa, alhali babu hujjar komai a kansa.

Ita kanta Kasuwar Kurmi ishara ce ga mai lura. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa ta, kuma sama da shekara 500 ke nan ana ci. Gishiri da kanwa daga arewa, goro daga Gwanja, fatu da baƙin yadi na marina zuwa ƙasashen Larabawa, duk ta nan suka bi, har Baturen nan ɗan Jamus mai suna Barth ya zo ya gani da idonsa a 1851 ya rubuta. Amma mu tambayi kanmu, wa ya ɗauki kayan? Bayan raƙumi da jaki, gadon bayan mutane ne. Har gobe in kin shiga za ki ga ɗan dako ya sunkuya a ƙarƙashin buhu yana ratsa lungu, ga baduku ya duƙufa a kan fata tun safe, ga dattijo ya tanƙwashe ƙafa a rumfa daga hantsi har La'asar, in zai miƙe sai ya dafa gini. A cikin gidajen da ke kewaye da kasuwar kuma ga iyayenmu mata: turmi da taɓarya, jan guga a rijiya, shara da gajerar tsintsiya, wanki a duƙe, girki a murhun ƙasa, ga goyo, ga haihuwa bakwai ko goma. Bayan da kika ga ya ranƙwafa, a hidimarmu ya ranƙwafa.

Abin da likitoci suka sani

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 aka jera su kamar carbi, biyar daga cikinsu suna daidai ƙugu, kuma su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. A tsakanin mafi yawan ƙasusuwan akwai wani faifai mai taushi da ke riƙe da ruwa, yana aiki kamar matashi, ta tsakiyarsu kuma laka ta ratsa, jijiyoyi suna fita daga gare ta zuwa ƙafafu. Idan shekaru suka ja, faifan nan yana rage ruwa ya motse, guringuntsin ƙananan gaɓoɓin baya yana cinyewa, tsoka tana raguwa. Shi ya sa tsohuwa za ta tashi da asuba bayanta a sanƙare, sai ta ɗan motsa kafin ya saki. A wajen wasu kuma hanyar da jijiyoyi ke bi ce take ƙuntata, sai ka ga in sun tsaya ko sun yi 'yar tafiya ƙafafu su yi nauyi, in sun zauna ko sun ɗan ranƙwafa gaba sai su ji sauƙi. Irin wannan ciwo yana zuwa yana lafawa, don haka wadda ta iya zuwa biki jiya ta kasa tashi yau ba ƙarya take yi ba.

Mu mata muna da ƙarin wani abu. Bayan ɗaukewar jinin al'ada ƙashi yana rage ƙwari da sauri, har ya zama ɗan abu kaɗan, kamar zamewa a banɗaki ko ɗaga bokiti, ya sa ɗaya daga cikin ƙasusuwan baya ya lotsa. Wannan ne ke sa wasu iyayenmu su rage tsawo, su yi doro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a shekarar 2050. Ta ce shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu, ya fi yawa a cikin mata, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta mai hatsari a bayansa. Wannan bushara ce, domin mafi yawan tashin ciwon yana lafawa cikin 'yan makonni in an bi shi yadda ya dace.

Kuskure na farko: jinkirta sallah saboda ciwo

'Yan uwa, Allah ya faɗa a ƙarshen Suratul Baƙara cewa ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta, a Suratul Hajji aya ta 78 ya ce bai sanya mana ƙunci a addini ba, a Suratut Tagabun aya ta 16 kuma ya umarce mu da jin tsoronsa gwargwadon ikonmu. Sahabi Imrana bin Husaini (RA) yana fama da basir, ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi sallah, sai ya umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kan gefensa. Buhari ne ya ruwaito. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya taɓa faɗowa daga kan doki ya ji ciwo a gefensa na dama, ya yi sallah a zaune, kamar yadda Anas (RA) ya ba da labari. Nana A'isha (RA) kuma ta ce da shekarunsa suka ja yakan yi karatun sallar dare a zaune, in ya rage kamar aya 30 ko 40 sai ya miƙe ya ƙarasa sannan ya yi ruku'u. To wace ce a cikinmu ta fi shi jin kunyar Ubangiji?

Ga kuma ƙissar da ta shafe mu mata kai tsaye. Wata rana Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce masa ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar dare sai ta riƙe ta. Ya sa aka kwance igiyar, ya ce mutum ya yi sallah lokacin da yake da kuzari, in ya gaji ya zauna. Abdullahi bin Amru (RA) shi ma ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwa yana saurayi, Annabi (SAW) ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa.

Littafin nan na Ahalari da muke saya wa yaranmu a Kurmi ya jero yadda marar lafiya zai yi farilla: tsayuwa ba jingina, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina. Waɗannan huɗun a jere ake bin su, wadda take da ikon na sama ba ta sauko zuwa na ƙasa. In duk sun gagara sai kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine ƙafafu suna fuskantar alƙibla. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ƙara bayani cewa wanda ya kasa ruku'u da sujada sai ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa, kuma kada marar lafiya ya jinkirta sallah matuƙar yana cikin hankalinsa, ya yi ta yadda zai iya. Ta ce in taɓa ruwa zai cutar da shi, ko babu mai miƙo masa, sai ya yi taimama, har ma da katangar da ke kusa da shi in ta ƙasa ce, ba wadda aka shafe da farar ƙasa ba.

A nan sai mu kula da maganar kujera, domin ta yi yawa a gidaje da masallatai. Wadda take iya tsayuwa amma sujada ke gagarar ta, ta tsaya ta yi kabbarar harama da Fatiha, ta yi ruku'u in za ta iya, sannan ta zauna ta yi nunin sujada. Wadda kuma tsayuwar ce ke gagarar ta amma tana iya kai goshinta ƙasa, ta zauna a ƙasa ta yi sujadarta cikakkiya, kada ta bar sujada don ta ga kujera ta fi daɗi. Ba a buƙatar ɗago matashi zuwa goshi, nuni ya wadatar. Rangwame yana tsayawa ne daidai inda gazawa ta tsaya.

Abin da ke ci wa iyayenmu rai shi ne tsoron raguwar lada. A gaya musu hadisin Abu Musa (RA) da Buhari ya ruwaito, cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi lokacin da yake lafiya yana gida. Rabin lada da ake faɗa, na mai lafiya ne da ya zaɓi yin nafila a zaune. A kuma tuna musu cewa babu wata gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face Allah ya kankare masa zunubi da ita. Haka ma a aikin Hajji: Ummu Salama (RA) ta gaya wa Annabi (SAW) ba ta da lafiya, ya umarce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Don haka Hajiyar da aka tura a keken guragu a Harami kada ta ji wai Hajjinta ya tauye.

Kuskure na biyu: magani barkatai

Wasu Larabawan ƙauye sun tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani, ya ce su nema, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, in ban da guda ɗaya, ita ce tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik (RA). Hadisin nan ya koya mana abu biyu. Na ɗaya, neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Na biyu, duk mai lasifikar da ya ce yana da garin da zai mayar da bayan 'yar shekara 70 kamar na budurwa, to kuɗinki yake so. Ciwon ana rage shi ƙwarai, amma tsufa ba ya komawa baya.

Hatsarin haɗin ƙwayoyin leda shi ne ba ki san abin da ke ciki ba. Sau da yawa akan haɗa magungunan kashe zafi iri ɗaya guda biyu ko uku, irin su Diclofenac da Ibuprofen da Piroxicam. Waɗannan in an daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki har da aman jini, suna lalata ƙoda, suna tayar da hawan jini, kuma tsofaffi sun fi kowa shiga wannan hatsari. Wani lokaci akwai Dexamethasone ko Prednisolone a ciki, masu sa mutum ya ji garau na ɗan lokaci, amma suna kumbura fuska, su tayar da suga, su ƙara cinye ƙashin da ake kuka da shi. Ga kuma Tramadol mai kama jiki ya zama jaraba, ya sa tsoho jiri har ya faɗi. Mu a Kano mun ga abin da shaye-shayen magani ya yi wa gidajen aure kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Kada mu bari wata jarabar ta shigo ta ɗakin Inna.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Abubuwan da ta ƙarfafa su ne ilmantar da mai ciwo, motsa jiki, tausa da gashi a hannun masana, kula da damuwar zuciya, da maganin kashe zafi na ɗan lokaci bisa kulawar likita. Ta kuma ce a guji dogaro da ɗamarar ƙugu da magunguna masu sa maye. Doguwar kwanciya ma tana ƙara sanƙarar da baya. Wani bincike da aka yi a Ostiraliya a kan mutum 701, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2024, ya nuna waɗanda aka ɗora a kan tafiyar ƙafa a kai a kai sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu, sauran kuwa kwana 112. Tafiya ba ta buƙatar ko sisi. Zagaya tsakar gida bayan sallar Asuba da carbi a hannu, minti goma yau, a ƙara kaɗan gobe, ya zama an haɗa zikiri da magani.

A gyara abin da za a iya gyarawa a gida: tsintsiya mai dogon hannu, ɗora murhu ko baho a kan wani abu mai tudu, kujera a banɗaki da abin dafawa, goge santsi, fitila da dare, katifar da ba ta lotse ba. In za a ɗaga kaya a durƙusa da gwiwa a jawo kayan kusa da jiki, a raba jarka ɗaya gida biyu. A shafa man zafi ko man kaɗanya a yi tausa a hankali, a gasa da tawul mai ɗumi, ban da ruwa mai ƙuna. A abinci a yawaita nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale da riɗi, domin suna gina ƙashi. A kuma fito da tsohuwa ta sha hantsi a tsakar gida, saboda hasken rana ne ke sa jiki ya samar da sinadarin bitamin D da ƙashi ke buƙata. Mai son ƙaho, asalinsa yana cikin sunna, amma a tabbatar aska sabuwa ce, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Kada kuma a bari wani ya taka bayan tsohuwa ko ya murɗe shi da sunan gyara, ƙashin da ya yi rauni yana iya karyewa.

Sannan ga addu'a. Usman bin Abil As (RA) ya kai kukan wani ciwo a jikinsa, Annabi (SAW) ya koya masa ya ɗora hannu a wurin, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsari da Allah da ikonsa daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Muslim ne ya ruwaito, kuma lafazin yana cikin littattafan azkar da ke hannunmu. A koya wa iyaye, a haɗa da magani.

Alamomin da ba a kwana da su

Akwai lokacin da ciwon baya yake zama gaggawa. In fitsari ko bayan gida ya fara zubowa ba da sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta fara shanyewa, to a tafi asibiti a ranar, domin alama ce ta an danne jijiyoyi, kuma jinkiri yana iya barin mutum a kwance har ƙarshen rayuwa. Na faɗi wannan ne don na san halinmu: tsohuwa za ta ɓoye saboda kunya, in ma ta faɗa sai a tafi wajen malam tambayar hukuncin alwalar mai yoyon fitsari. A yi tambayar, amma a fara da likita. Haka nan ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko wanda ke hana barci ko an kwanta, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana warkewa in an sha maganinsa cikakke. Haka ciwon da ya biyo bayan faɗuwa, da na wadda ta taɓa yin ciwon dajin mama, da na maigida ko Baba da ke fama da matsalar mafitsara. Allah ya hore mana wuraren zuwa: Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma akwai masu gashin ƙashi da suka yi karatun abin.

Kuskure na uku: gajiya da tsofaffi

A Suratul Isra'i aya ta 23 da 24, Allah ya haɗa bautarsa da kyautata wa iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufa da sunansa, ya hana ko da furta kalmar ƙosawa, ya hana tsawa, ya yi umarni da magana mai daɗi da ƙanƙan da kai da yi musu addu'a. Ya ambaci tsufa ne domin ya san a nan haƙuri ke ƙarewa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi addu'ar taɓewa har sau uku ga wanda ya riski iyayensa, ɗaya ko duka biyu, a halin tsufa amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba.

Ya ke matar ɗa, gaskiya ne malamai sun ce wajibin kula da uwa yana kan 'ya'yanta, abin da kike yi kyautatawa ce. Amma kyautatawar nan tana da lada mai yawa, kuma 'ya'yanki suna kallon yadda kike miƙa mata buta. Abin da kika shuka shi za ki girba ranar da naki bayan ya riƙe. Ki daina cewa langaɓewa take yi, ciwo a jikin mai shi yake. Ku kuma ku tuna wa mazajenku cikin ladabi cewa kuɗin asibitin Hajiya da kai ta ganin likita nauyinsu ne, kada a bar wa mace ɗaya jinya da girki da raino har ita ma ta kwanta. 'Ya'ya mata da ke gidajen aure su karɓi kwana, domin malaman Malikiyya sun bayyana cewa miji ba ya hana matarsa amintacciya ziyarar iyayenta.

Ke ma da kike da sauran ƙarfi, tun yanzu ake tanadin bayan tsufa. Ki rage ƙiba, ki riƙa motsa jiki, ki ba jikinki hutu tsakanin haihuwa da haihuwa bisa shawara da maigida, ki raba aiki da yara maza da mata. Jikin nan amana ne.

Goggo dai mun kai ta asibiti. An ce gaɓoɓin bayanta ne suka cinye, ga kuma gyambon ciki ya fara saboda ƙwayoyin nan. Aka hana ta su, aka ba ta wanda ya dace, aka koya mata motsa jiki. Ciwon bai tafi duka ba, amma yanzu tana jingina da bango ta yi kabbara da Fatiha, ta zauna ta ƙarasa, kowace sallah a kan lokacinta. Matar ɗan nata ce ma ke ajiye mata kujerar in an kira sallah.

Ina roƙon kowace 'yar uwa da ta karanta wannan ta je ta zauna da tsohuwar gidansu a makon nan, ta tambaye ta yadda take sallah, ta kuma duba abin da ke ƙarƙashin matashinta. Malamanmu na Islamiyya kuma su ware darasi guda a kan sallar marar lafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, waɗanda suka rigaye mu ya haskaka kabarinsu. Allah ya ba mu tsufa mai albarka da zuri'a mai tausayi, ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya.